DARASIN LAFIYA DA AIKIN GIDA: GYARA DA SAUYA TIYON RUWA MAI ƁAWO BIYAR

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi ruwan pampo na cikin gida. Iyali na ƙaruwa, gida na faɗaɗa. Yau ana son pampo kusa da madafa, gobe ana son a kai ruwa garka ko wurin shayar da bisashe. Sai a ɗauko wuƙa ko zarto a yanke tiyo, a ɗaure mahaɗar da tsohuwar robar taya, a rufe da ƙasa. Bayan wata biyu katanga ta jiƙe, takardar kuɗin ruwa ta yi nauyi, yara kuma suna fama da zawo ba a san dalili ba.

Za mu yi bayani a kan irin tiyon nan fari mai ɓawo biyar, wanda ƴan kasuwa da masu gyaran pampo ke kira miltikush. Za mu ga yadda aka yi shi, da kayan haɗa shi, da yadda ake ƙara masa reshe ko a cire, da abubuwan da ke kare lafiyar iyali.

ME YA SA WANNAN AIKI YAKE DA MUHIMMANCI?

Ruwan da ke zuwa gidajenmu ba da sauƙi yake isowa ba. A Yamai daga kogin Isa ake janyo shi, a tace shi a Gudal da Yantala. Damagaram kuwa bisa dutse take zaune, shi ya sa ake kawo mata ruwa daga nesa, daga rijiyoyin Gogo da Macaya da Arunguza. Duk wanda ya zauna can lokacin bazara ya san darajar bido guda na ruwa.

Mu yi lissafi. Idan mahaɗa tana yoyon da zai cika gwangwanin litir 1 cikin awa 1, to a yini da dare an yi asarar litir 24. A wata mai kwana 30, litir 720 ke nan. Wannan ya kusa bido 29 masu cin litir 25. Duka kontar ta ƙirga su, kuma maigida ne zai biya.

Asarar kuɗi ita ce ƙarama. Yoyo yana jawo abubuwa uku da suka fi ta muni:

1. Ruwan da ke kwanciya a tsakar gida ko bayan katanga makwancin sauro ne. Cikin kwana 10 zuwa 14 ƙwan sauro yake zama babban sauro mai cizo, wanda ke kawo masassara.

2. Ramin da ruwa ke fita ta cikinsa, ta nan ne ƙazanta ke shiga. Muddin akwai ruwa da ƙarfi cikin tiyo, waje yake turawa. Ranar da aka ɗauke ruwa, tiyon ya zama fanko, sai ya tsotso ruwan da ke kewaye da shi. In kusa da salga ne ko magudanar ruwan wanka, ƙwayoyin cutar zawo da taifot da kwalara sun sami hanya zuwa randar sha.

3. Katangar ƙasa ba ta shiri da danshi. Yoyon da ba a gani yana cin gindinta sannu a hankali, har damina ta zo ta ƙarasa ta.

IYAKAR ABIN DA YA HALATTA MU TAƁA

Daga babban tiyon titi har zuwa kontar, da ita kanta kontar, kayan kamfanin ruwa ne. Tun shekarar 2024 kamfanin NDE ne ke raba ruwa a biranen Nijar, bayan SEEN da ta yi wannan aiki tun 2001. In an ga yoyo kafin kontar, sai a je ofishinsu a sanar. Kada a yanke, kada a ja reshe daga nan. Abin da ke bayan kontar, wato ɓangaren cikin gida, shi ne na maigida, kuma a kansa darasinmu yake.

MU SAN TIYON

Ba duk tiyon roba ne iri ɗaya ba, kuma kowane da hanyar haɗa shi. Tiyon PVC da gam ake haɗa shi. Tiyon PPR, wanda galibi kore ne, da na'ura mai zafi ake narka bakinsa a liƙa. Baƙin tiyo mai shuɗin zane, wanda ake binnewa cikin ƙasa, da manyan mahaɗai na roba masu murɗawa ake kama shi. Tiyon ƙarfe kuwa zare ake yi masa a baki.

Mai ɓawo biyar ya bambanta da su duka. In muka yanke shi muka duba bakin, za mu ga an jera shi kamar albasa. Daga ciki akwai roba mai santsi wadda ruwa ke bi. Sai gam. Sai siririn sanholo, wato alminiyom irin na tukunya. Sai wani gam. Sai farar roba ta waje. Biyar ke nan.

Robar ciki ba ta tsatsa, ba ta kuma sauya ɗanɗanon ruwa. Sanholon tsakiya shi ke sa in an lanƙwasa tiyon ya tsaya yadda aka lanƙwasa shi. Shi ne kuma ke hana shi miƙewa da yawa in ya ji zafi: metir 10 na wannan tiyo, in zafinsa ya ƙaru da digiri 40, santimetir 1 kawai zai ƙara tsawo, alhali tiyon PPR na roba zalla zai ƙara kamar santimetir 6.

Abin da za mu riƙe da kyau shi ne wannan: gam ba ya kama irin robarsa, kuma ba a gasa bakinsa a wuta don a cusa wani cikin wani. Wuta tana raba ɓawon da ɓawo, tiyon ya lalace. Da mahaɗi kaɗai ake haɗa shi.

MU KARANTA RUBUTUN JIKINSA

A nan ne karatunmu zai yi mana rana. A jikin tiyon akwai rubutu da ake maimaitawa kowane metir. Mu nemi lambobi biyu da alamar sau a tsakaninsu, kamar 16 x 2, ko 20 x 2, ko 26 x 3. Lamba ta farko faɗin tiyon ne daga waje, da milimetir. Ta biyu kaurin jikinsa ne.

Misali: tiyo 16 x 2 yana da kauri milimetir 2 a kowane gefe. In muka cire 2 da 2 daga 16, saura 12. Faɗin hanyar ruwa ke nan. Tiyo 20 x 2 kuwa hanyarsa milimetir 16 ce. Bambancin kamar kaɗan ne a ido, amma filin da ruwa ke bi cikin na 20 ya kusa ninka na 16. Don haka na 16 ya ishi reshen da ke zuwa pampo ɗaya ko biyu. Layin da ke ciyar da gida duka ya kamata ya zama 20 ko 26. Wanda ruwansa daga tankin bisa rufi yake saukowa, ya fi kowa bukatar babban tiyo, domin sai tsayin metir 10 ake samun ƙarfin bar 1. Tanki mai tsayin metir 3 bai ba da ko sulusin bar ba.

Akwai tarko a nan. Wasu kamfanoni suna yin 16 x 2, wasu 16 x 2,25. Wasu 25 x 2,5, wasu 26 x 3. A ido ɗaya suke, amma mahaɗin wannan ba ya zama daidai cikin wancan. Saboda haka in za mu kasuwa, mu yanki guntun tsohon tiyon mai ɗauke da rubutu mu tafi da shi, a gwada mahaɗin a gabanmu. Mu kuma tabbata an rubuta cewa tiyon na ruwan sha ne. Akwai mai launin rawaya wanda na gas ne, ba na ruwa ba. Tiyon da babu rubutu ko kaɗan a jikinsa, mu bar wa mai shi kayansa ko da ya karya kuɗi. Araha ba ta ado.

MAHAƊAI DA KAYAN AIKI

Mahaɗai, waɗanda masu sana'a ke kira rakor, galibi na tagulla ne. Akwai miƙaƙƙe mai haɗa tiyo biyu, akwai gwiwa, akwai mai baki uku don fitar da reshe, akwai mai zare a gefe ɗaya don kama pampo ko tiyon ƙarfe. Ta fuskar yadda suke kama tiyo, iri biyu muka fi gani:

Na murɗawa. Yana da noti, da tsagaggen zobe na tagulla, da hanci mai zoben baƙar roba wanda ke shiga cikin tiyo. Da kile biyu ake ɗaure shi, ana kuma iya kwance shi. Shi ya fi dacewa da mai aikin gida. Sharaɗinsa ɗaya: a bar shi inda ido ke gani, hannu ke kaiwa. Ba a rufe shi cikin siminti, domin yana iya sassautawa bayan shekaru ya bukaci ƙarin ɗauri.

Na matsewa. Yana da hannun riga na farin ƙarfe wanda ake matsewa da wata babbar na'ura mai muƙamuƙi. In an matse, an gama, ba ya kwantuwa. Shi ake sawa cikin katanga. Muƙamuƙin iri-iri ne, ana rubuta musu haruffa kamar TH ko U ko H, kuma dole harafin na'ura ya dace da na mahaɗin. Wannan aikin mai sana'a ne mai kayan aiki.

Kayan da za mu tanada: almakashin yankan tiyo, ƴar na'urar gyaran baki wadda ake kira kalibrer, kile biyu, metir na awo, fensir, farin zaren roba na naɗa wa zare wanda ake kira teflon, bokiti da tsumma mai tsabta. In babu kalibrer a aro ko a saya. Kuɗinta bai kai na katangar da za a fasa ba.

YADDA AKE FITAR DA SABON RESHE

1. Mu rufe makullin ruwa da ke bayan kontar. Mu buɗe pampon da ya fi kowane tsawo da wanda ya fi kowane ƙasa, ruwan cikin tiyo ya tsiyaye cikin bokiti. Wannan ruwa na shuke-shuke ne, kada a zubar.

2. Mu zaɓi wuri miƙaƙƙe, nesa da lanƙwasa. Mu kwance maƙalai biyu ko uku da ke riƙe da tiyon a katanga don ya sami wurin motsi. Mu ɗora mahaɗin mai baki uku kusa da tiyon, mu sa alama biyu da fensir daidai tsawon tsakiyarsa, wato tsakanin inda bakin tiyo zai tsaya ta dama da inda zai tsaya ta hagu. Wannan guntun ne za a cire. Mu auna sau biyu kafin mu yanka.

3. Mu yanka da almakashi, a tsaye cak, ba a karkace ba. Bakin da ya karkace ba ya zama har ƙarshe, gefe ɗaya zai yi yoyo. Zarto yana barin kaushi da garin sanholo cikin tiyo. In shi kaɗai ke akwai, a yi amfani da mai ƙananan haƙora, a kankare bakin sosai, a wanke garin.

4. Mu gyara bakin. Almakashi yana ɗan matse tiyon, bakin ya zama kamar ƙwai. Mu cusa kalibrer mai lambar tiyon, mu juya ta sau uku ko huɗu. Tana mayar da bakin da'ira, tana kuma fere gefen ciki ya yi gangare. Wannan mataki shi ne mafi muhimmanci cikin aikin duka. Bakin da ba a fere ba yana da kaifi, yana yanke zoben roba ko ya ture shi daga mazauninsa lokacin cusawa. Mai aiki ba ya gani, sai ruwa ya nuna masa daga baya.

5. Mu zura noti a jikin tiyo tukuna, sa'annan tsagaggen zoben. Mu duba gindin hancin mahaɗin: akwai wani siririn faifai na roba. Aikinsa ya hana sanholo taɓa tagulla, domin in ƙarfen nan biyu suka haɗu cikin danshi, sanholon yake cinyewa. In faifan ya faɗi, a mayar da shi.

6. Mu jiƙa hancin da ruwa mai tsabta, mu tura tiyon a miƙe har ya tokare. Kada a shafa baƙin mai ko giris ko basilin. Irin waɗannan mai suna kumbura zoben roba su lalata shi, kuma ruwan sha ne zai bi ta nan.

7. Mu ɗaure noti da hannu har ya tsaya. Sa'annan kile ɗaya ya riƙe jikin mahaɗin, ɗaya ya juya noti kamar juyi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ko yadda takardar mai kayan ta ce. Ƙarfi fiye da kima yana murƙushe tiyon ko ya tsaga noti. Ba a naɗa teflon a zaren wannan noti, domin ba zaren ke tare ruwa ba, zoben roba ne.

8. Mu shimfiɗa sabon reshen, mu kama shi da maƙali kamar kowane metir 1. Yana da kyau a sa ƙaramin makulli a farkon reshen. Ranar da pampon garka ya lalace, sai a rufe shi kaɗai, gida bai rasa ruwa ba.

LANƘWASA DA HAƊAWA DA TSOHON TIYO

Kowane mahaɗi kuɗi ne, kuma wuri ne da yoyo ke iya fitowa. Inda za a iya lanƙwasa tiyon, ya fi a sa gwiwa. Amma lanƙwasar ta zama mai faɗi. Ƙa'idar ita ce a ninka faɗin tiyon sau 5. Tiyo na 16 kada a lanƙwasa shi fiye da yadda zai zagaye ƙwarya mai faɗin baki santimetir 16, na 20 kuma mai santimetir 20. A yi a hankali, ana matsar da hannu kaɗan-kaɗan. Akwai naɗaɗɗiyar waya da ake zura wa tiyon don kada ya karye. In ya riga ya karye ya yi ƙugu, miƙar da shi ba ya warkar da shi, sanholon ciki ya ji rauni. A yanke wurin a sa mahaɗi. Kada kuma a lanƙwasa dab da bakin mahaɗi, a bar ɗan miƙaƙƙen wuri.

Wurin haɗawa da tiyon ƙarfe ko pampo, ana amfani da mahaɗi mai zare. Lambobin zaren da aka saba da su a kasuwanninmu su ne 15/21 da 20/27. A nan ne teflon ke aiki. A naɗa shi a kan namijin zare, ta fuskar da ake murɗawa, don kada ya warware. A fara ɗaure gefen zaren, daga baya a cusa tiyon, in ba haka ba tiyon zai murɗe. Tsohon tiyon ƙarfe da tsatsa ta cinye zarensa ba ya riƙe sabon mahaɗi, sai a koma baya har inda ƙarfen ke da lafiya.

In muka kwance tsohon mahaɗi na murɗawa muna son mayar da shi, mu yanke santimetir 2 ko 3 daga bakin tiyon inda zobe ya ciza, mu sake gyara bakin, mu duba zoben roba. In ya tsage ko ya bushe, a sauya.

IN ZA A CIRE RESHE

Wani lokaci pampo ake son kashewa. Abin da aka saba shi ne a cire kan pampon a toshe bakin, a bar dogon tiyo cike da ruwan da ba ya motsi. Metir 10 na tiyo 16 x 2 yana riƙe fiye da litir 1, na 20 x 2 kuma litir 2. Maganin da kamfani ke sa wa ruwa yana gushewa in ruwan ya daɗe a tsaye, zafin ƙasarmu kuma yana taimakon ƙwayoyin cuta su hayayyafa. Daga nan suke komawa cikin layin da ake sha. Hanyar da ta dace ita ce a koma tushen reshen, a cire mai baki uku a sa miƙaƙƙen mahaɗi, ko a toshe shi nan dab da babban layi.

RANA DA ƘASA DA BISASHE

A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa a Tawa da Maraɗi da Damagaram. Tiyon yana jure ruwan zafi, amma hasken rana yana cin farar robar waje, ta bushe ta tsattsage. Duk inda zai bi a fili, a zura shi cikin rigar roba ko cikin wani tiyo mafi faɗi, ko a bi da shi ta gefen inuwa. Rigar nan tana kuma kare shi daga haƙoran awaki da jakai da ɓeraye. Cikin katanga ma da riga ake sa shi, don ya sami wurin miƙewa.

In za a binne shi a tsakar gida, a haƙa kamar kamu ɗaya, a shimfiɗa rairayi marar tsakuwa ƙasa da bisa. A yi ƙoƙari ya zama guda ɗaya babu mahaɗi a ƙarƙashin ƙasa. In dole ne, a gina wa mahaɗin ɗan akwati mai marfi. Kada layin ruwan sha ya bi gefen ramin salga ko ya ratsa cikin magudana. In tafiyar mai nisa ce, kamar zuwa garka, baƙin tiyo ya fi dacewa. Mu zana taswirar inda tiyo ya bi a takarda mu ajiye, saboda ranar da za a kafa turke ko a dasa itace.

Ga masu garka da masu kiwo akwai gargaɗi biyu. Na farko: kada a bar bakin tiyo nutse cikin kwamin shan bisashe, ko cikin tano, ko cikin bokitin da aka dama maganin ƙwari. In aka ɗauke ruwa a wannan lokaci, abin da ke ciki yana iya komawa cikin layin gida, har ya kai ga maƙwabta. Bakin pampo ya tsaya sama da bakin mazubi, da tazarar tafin hannu. Na biyu: kada a haɗa tiyon ruwan rijiya da na kamfani a layi ɗaya. Kowane da nasa tiyo da nasa pampo.

GWAJI KAFIN A RUFE

Ba a rufe rami, ba a shafe katanga, sai an gwada. Mu buɗe sabon pampon, sa'annan mu buɗe babban makulli sannu a hankali don iska ta fita. Mu bar ruwa ya zuba har ya fito garau, kada a sha na farko. Mu rufe pampo, mu share kowane mahaɗi, mu naɗa masa busasshiyar takarda. Bayan awa 1 mu duba. Takarda tana nuna danshin da ido bai gani ba. In ta jiƙe, a ƙara ɗauri kaɗan, kamar rubu'in juyi. In bai tsaya ba, a kwance a duba zoben roba.

Sai gwajin kontar. Da dare, bayan kowa ya gama ɗibar ruwa, mu rufe dukan pampuna mu rubuta lambobin kontar, baƙaƙe da jajaye. Baƙaƙen suna ƙirga metir kib, kowane ɗaya litir 1000 ne, wato tano 5 masu cin litir 200. Jajayen suna ƙirga abin da bai kai haka ba. Da asuba, kafin a ɗebi na alwala, mu sake karantawa. In lamba ta motsa, akwai yoyo a wani wuri. Wannan gwaji ya kamata kowane gida ya riƙa yin shi sau ɗaya a wata.

Aikin da ya shafi na'urar dafa ruwan wanka, ko tiyon da ke cikin siminti, ko katangar da wayar lantarki ta bi, a kira mai sana'a. Amma ko shi aka kira, maigida ko uwargida da suka san darasin nan za su iya tsayawa su ga ya gyara bakin tiyo, ya kuma gwada kafin ya rufe.

TAMBAYOYI DON AJIN YAƘI DA JAHILCI

1. Ku lissafa ɓawo biyar na wannan tiyo daga ciki zuwa waje.
2. An rubuta 26 x 3 a jikin tiyo. Milimetir nawa ne faɗin hanyar ruwa?
3. Yoyo yana cika litir 2 a awa 1. Litir nawa ke nan a kwana 30? Bido nawa masu cin litir 25?
4. Me ke faruwa da tiyo mai rami kusa da salga ranar da aka ɗauke ruwa?
5. Don me ba a barin bakin tiyo cikin kwamin bisashe?

Muna roƙon malaman aji su kawo guntun tiyo da mahaɗi ɗaya, kowane ɗalibi ya karanta rubutun jikinsa, ya kuma gwada haɗawa da hannunsa. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai fitowa ta gaba.